Na Baya Shi Ya Fi Kowa Gudu

Ranar wata Alhamis bayan sallar La'asar, muna zaune a ƙofar gida a nan New Bell muna duba takardun jarrabawar yara, sai muka ji ƙugin babur irin wanda ba mu saba ji a layinmu ba. Mai shi ya tsaya ya cire hular kwano, ashe wani tsohon ɗalibinmu ne, ɗan wani dattijo mai sayar da atamfa a Kasuwar Kongo. Ya durƙusa ya gaishe mu kamar yadda ya saba tun yana aji huɗu, sa'an nan ya ce, "Malam, tambaya na zo da ita. Akwai wasu abokai masu manyan babura da ke haɗuwa a Bali ran Lahadi, za su Kiribi, sun ce in zo mu tafi. Nasu cc 1000 ne, nawa cc 500. Zan iya bin su kuwa?"

Abin da bai sani ba shi ne, a daren jiya mahaifinsa ya riga shi zuwa. Dattijon ya ce mana, "Malam, yaron nan maganarka yake ji. Don Allah ka sa shi ya sayar da abin nan tun bai jawo mana kuka ba." To, mai karatu, ka ga inda muka sami kanmu. Uba yana so mu hana, ɗa yana so mu ba shi amsa, mu kuwa shekara ashirin da muka yi a gaban allo ta koya mana cewa saurayin da aka hana ba tare da hujja ba, tafiya zai yi, sai dai ba zai yi sallama ba. Saboda haka muka juya bayan wata takarda muka ce ya zauna, yau ma lissafi za mu yi.

Muka fara da cikin gari, domin a nan amsar ba ta da wuya. Muna yara 'yan firamare a 1991, lokacin da aka yi watanni ana rufe garuruwa, motocin haya suka daina fita, masu babura suka fara ɗaukar mutane ta cikin lunguna. Daga baya aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, kamfanin bas na SOTUC kuma ya rufe a 1995. Haka bensikin ya kafu a Duwala, abin da 'yan'uwanmu na Kano ke kira acaɓa. Baburan da suke aiki da su a yau yawancinsu cc 125 ne zuwa 150, amma duk wanda ya taɓa tsayuwa a mararrabar Ndokoti da ƙarfe shida na yamma ya san babu injin da zai riga su fita. A wurin da ba a samun filin mita hamsin, babban babur nauyi ne kawai da zafi a cinya. Muka ce masa, daga Bali zuwa Yassa kai da su duk ɗaya kuke.

Magana tana canjawa ne bayan an haye gadar Dibamba, an kama hanyar Yawunde. Babur irin nasa, kamar Honda CB500 na shekarun nan, ƙarfinsa doki 47 ne, kuma in an matsa masa yakan kusanci kilomita 180 a awa. Yamaha R1 kuwa, tun fitowarsa ta farko a 1998 da doki 150 ya zo, Suzuki Hayabusa na 1999 har ya haura kilomita 300 a awa. Sai dai iska ba ta yin ragi: wanda yake son ninka gudunsa sau biyu, sai ya nemi ƙarfi wajen sau takwas. Shi ya sa injin da ya fi naka ƙarfi sau uku, abin da zai ƙara a kan iyakar gudunka bai wuce rabi ba. Da yaron ya ji haka sai fuskarsa ta washe, ya ɗauka mun ba shi gaskiya. Muka ce ya dakata, ai ba a gama lissafi ba.

Ita wannan hanya layi biyu ce, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, babu shinge a tsakani, kuma cike take da tireloli da motocin gungumen katako masu nufar tashar jiragen ruwa. Tun da aka buɗe sabuwar tashar Kiribi a 2018, reshen da ya tashi daga Edeya shi ma ya sami rabonsa na manyan motoci. A irin wannan hanya, wurin wuce babbar mota ne ake gane bambancin injin da injin. Mai babban babur zai murɗa totur sau ɗaya, kafin ka ƙifta ido ya koma hannunsa. Kai kuwa sai ka rage giya, ka daɗe a hannun masu zuwa, ko kuma ka haƙura ka jira wani fili. In ka jira, sun ba ka rata.

A nan ne muka rubuta masa lissafin da muke so kowane saurayi a unguwannin nan ya haddace. A ce sun ba ka ratar kilomita ɗaya, suna tafiya a 120. In kana son ka cim musu, dole ka fi su gudu. Ka ɗauki 140: ratar za ta ɗauke ka minti uku kafin ta rufe, kuma a cikin minti ukun nan za ka cinye kilomita bakwai. Su suna tafiya cikin natsuwa da ƙasa da rabin abin da injinsu ke iyawa, kai kana daf da ƙurewar naka, idonka yana kan fitilarsu maimakon kan kwalta. A gudun 140, a cikin daƙiƙa ɗayan da mutum ke yi kafin ya taɓa birki, ya riga ya wuce mita 39. Nisan da birki ke buƙata kuma ya kusa ninka na mai gudun 100 sau biyu. Watau a cikin ayarin babura, wanda ya fi kowa ƙaramin inji shi ne yake fin kowa gudu, kuma shi ne yake wuce mota a inda bai kamata ba.

Ba a littafi kawai muka san wannan ba. Muka nuna masa wuyan hannunmu na dama, inda har yau yake mana tsami in damina ta kankama. Shekarun baya, tun ba a gina gada ta biyu a kan Wuri ba, an yi rakiyar amarya daga New Bell zuwa Bonaberi, mu kuma muna kan ɗan baburinmu na zuwa makaranta. Cunkoson gada ya raba mu da ayarin motoci. Ba mu san gidan ango ba, kuma kunya ta hana mu tambaya tun a gida, kada a ce Malam guda bai san hanya ba. Da muka sauka daga gada sai muka hango motar ƙarshe tana shan kwana, muka buɗe wuta. Yashi ne kwance a kwanar. Wata biyu muka yi muna rubutu a allo da hannun hagu, yara suna ƙunshe dariya. Babu wanda ya yi tsere da mu a ranar, su ba su ma san muna bin su ba. Tsoron kada a bar mu a baya ne ya kayar da mu.

Daga nan muka ba shi sharuɗɗa uku, muka ce in ba zai iya faɗa wa abokan nasa su ba, to ya san ba abokan tafiya ba ne. Na farko, a yanke wuraren haɗuwa tun kafin a tashi: gidan mai a Edeya bayan gadar Sanaga, sa'an nan mashigar Kiribi. Wanda ya san inda za a jira shi ba ya bin fitilar wani. Na biyu, kada ya wuce mota don kawai na gabansa ya wuce. Filin da ya ishi wancan ba lallai ya ishe shi ba. Na uku, ya sa wa kansa iyakar gudu tun a gida, lokacin da hankalinsa ke kwance. Muka ƙara masa da cewa tafiyar duka kilomita 170 ce ko kusa da haka. Wanda ya yi ta a matsakaicin gudun 100 zai isa cikin awa ɗaya da minti 42, mai 80 kuma cikin awa biyu da minti bakwai. Minti 25 ke nan ake saye da rai.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka gangaro kudancin Kamaru da fatauci tun zamanin Jamus, a ƙasa suka zo da kaya a ka. Tsofaffi sun ba mu labari cewa madugu ba ya tayar da ayari sai kowa ya san zangon da za a sauka, kuma tafiyar mai rauni ita ce ma'aunin tafiyar kowa. Da haka suka iso har bakin teku suka kafa unguwannin da muke ciki. Jikokinsu kuwa, a garin da muke 'yan tsiraru, sau da yawa da ma'aunin wasu suke auna kansu. Muna ganin haka a wurin biki, muna gani a wurin sayen waya, muna gani a wurin ɗan kasuwar da ya ci bashi don shagon maƙwabcinsa ya fi nasa kaya. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu magana.

Ran Lahadi ya tafi. Mun yi sallar Azahar da La'asar hankalinmu yana kan hanyar Edeya, domin da wani abu ya faru, ba mu san da wane ido za mu kalli mahaifinsa ba. Bayan Isha'i sai ga ƙugin nan a layi. Ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba, sau ɗaya na karya sharaɗi." Bayan Dibamba sun wuce wata motar katako, shi ma ya bi su, sai ga bas ta ɓullo daga kwana tana masa fitila. Ya ce da ƙyar ya koma hannunsa, kuma sai da ya tsaya a gefen hanya gwiwoyinsa suka daina rawa. Daga nan ya kyale su. A Edeya ya tarar suna shan mai, babu wanda ya tambaye shi me ya tsayar da shi. A Kiribi kuma ya iske ko kifin da suka sa a gasa musu bai sauka daga wuta ba. A dawowa, wani magidanci a cikinsu, wanda babur ɗinsa ya fi na kowa girma, shi ya koma bayansa ya rako shi har Yassa.

Mahaifinsa har yanzu bai gama hucewa da mu ba. Mun haɗu a masallaci ran Juma'a, ya ce, "Malam, na ce ka hana shi, kai kuma ka koya masa." Ba mu yi musu da shi ba, domin shi ya haifa, kuma bas ɗin nan da ta ɓullo daga kwana tana iya ba shi gaskiya a kanmu. Abin da muka iya ce masa shi ne, yaron ya riga ya sayi babur kafin ya zo wurinmu, kuma ya zo da tambaya maimakon ya tafi a ɓoye.

Ga sauran samarinmu na New Bell da Bali da Bonaberi masu irin wannan tambaya, amsarmu ita ce: matsakaicin babur zai kai ku duk inda babba ya kai mai shi, a rana ɗaya, a kan teburin abinci ɗaya, muddin kun yarda a riga ku isa. Ku sa hular kwano, ku duba taya da birki kafin ku fita, ku yi wa iyayenku sallama. Ɗalibin namu ya ce wata mai zuwa Limbe za su, kuma ya riga ya gaya musu a Mutengene za a jira shi. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.