Ƙaramar Roba Mai Babban Aiki

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, duk wanda ya dubi inuwar da a ke ajiye motoci a kwalejin horon malamai ya san malamin makaranta ba ya hawan sabuwar mota. Wadda ya ke hawa ta riga ta ga duniya. Wata ta yi shekara goma a Turai ko Amurka kafin a ɗora ta a jirgin ruwa, wata kuwa Peugeot ce irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare shi. Tun da haka ne, lalle ya kamata mu san wani abu game da jinyar tsohuwar mota. Yau zancena a kan wata 'yar roba ce da makanikai ke kira bushin. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun yaro ba, amma in ta mutu, sai ta ci taya, ta ci albashi, wani lokaci har ta ci rai.

Ga yadda abin ya ke. Tayar mota ba a jikin mota aka kafe ta ba. Akwai waɗansu damatsa na ƙarfe da ke riƙe da ita, suna barinta ta hau ta sauka bisa ga halin hanya. Waɗannan damatsa, da sifirin, da shokozoba, su ne makanikai ke ce wa ƙafar mota. To, a duk inda damtse ya haɗu da jikin mota sai an sa wani abu a tsakani, domin ƙarfe biyu in suna gogar juna ba su daɗewa. Abin da a ke sawa shi ne bushin, watau bututun ƙarfe ƙarami a cikin babba, an cike tsakaninsu da roba, dogon noti ya ratsa ta tsakiya. In taya ta faɗa rami, robar ce ke murɗewa ta shanye dukan, sa'an nan ta komo yadda ta ke. Kamar dai guringuntsin da Allah ya sa a gwiwar mutum ne. Ba kuwa irin ɗanyen ƙaron da a ke tatsa daga itace a wajen Binin da Safele ba ne. Sai an dafa shi da farar wuta tukuna ya yi ƙarko, dabarar da wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, ya yi wa rajista a 1844.

Roba tana da abokan gaba huɗu: zafi, da tsufa, da baƙin mai, da duka. A Abuja kuwa duk huɗun suna nan. Zafin watan Maris da Afrilu ya kan busar da ita har ta tsattsage. Tsohon inji ba ya rasa yoyo, in kuwa man ya riƙa ɗiga a kanta sai ta kumbura ta yi laɓo-laɓo. Game da duka, baƙo ya kan ga titunan Maitama da Asokoro sumul ya ce ai mota a garin nan ta huta. Amma tun da aka dawo da gwamnati nan daga Legas a 1991, ƙananan ma'aikata irinmu a gefe mu ke kwana, su Kubwa, Dutsen Alhaji, Nyanya, Zuba da Gwagwalada. Da ka bar babban titi ka nufi unguwa, sai kwazazzabon da damina ta haƙa, da tudun nan da a ke yi don rage gudu. Ga shi kuma motar malami ba ta tafiya wofi, daga buhun masara sai maƙwabta.

Tawa motar ta haura shekara ashirin. Farkon abin da na ji shi ne wani ƙwas-ƙwas daga ƙafar gaba ta dama duk sa'ad da na hau tudun rage gudu. Bayan 'yan kwanaki, in na taka birki sai in ji kan motar ya ɗan karkata. Da na duba tayoyin gaba, sai na ga ta dama ta fara suɗewa ta gefen ciki, alhali waje yana nan da zanensa. Ban tsaya jiran alama ta huɗu ba, ran Asabar na kai ta unguwar makanikai ta Apo, wurin wani dattijon makaniki da na saba da shi.

Da ya saurari bayanina, sai ya sa yaransa suka ɗaga motar da jak, suka tokare ta da ƙarfe, gama shi ba ya yarda kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ya ɗauko doguwar liba ya ce, "Malam, sunkuyo ka gani da idonka." Ya zura libar a gindin damtsen ya ɗan banƙara. Sai ga damtsen yana wasa, robar ta rabu da ƙarfenta, duk ta tsage kamar kaushin diddige. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya sake banƙarawa, na ji motsin a yatsuna. Na ce, "To, Injiniya, mene ne magani?"

Ya ce hanya uku ce. Ta farko, a sayo damtse sukutum na hannu, irin wanda a ke ce wa Beljiyam. Ƙarfensa nagari ne, amma robar da ke ciki ita ma ta tsufa a can inda ta fito, ba wanda ya san kwana nawa ya rage mata. Ta biyu, a yanko bushin daga tsohuwar taya. Wannan ta fi araha, tana kuma fid da mutum daga daji, sai dai ba a manne ta ke da ƙarfe ba, ba ta riƙe damtse daidai gwargwadon da aka auna. Ta uku, a sayo sabon bushin na kirki a matsa shi cikin damtsen da ke nan, muddin damtsen bai lanƙwashe ba. Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur, naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada ƙwarai, saboda haka zuciya ta kan ja mutum wajen mai araha. Amma araha ba ta ado. Na zaɓi ta uku, muka kuma canja dama da hagu gaba ɗaya, domin rana ɗaya aka haife su, wahala ɗaya suka sha.

Na zauna na kalli aikin daga farko har ƙarshe, ga kuwa abubuwa huɗu da na riƙe. Na ɗaya, da injin matsi a ke fid da tsohon bushin a shigar da sabo. Masu ƙona robar da wuta su bi da guduma su kan ɓata ramin damtse, sabon ya shiga da sako-sako. Na biyu, ba a shafa wa roba giris ko baƙin mai don ta shiga da sauƙi, ruwan sabulu ya isa. Na uku, waɗansu bushin suna da alama a jiki mai nuna fuskar da za su kalla, sai an lura da yadda tsohon ya zauna kafin a cire shi. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, ba a ɗaure notin tamau sa'ad da mota ke rataye a sama. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyinta, sa'an nan a yi ɗaurin ƙarshe. In aka ɗaure tana sama, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe, haka za ta zauna dare da rana a murɗe, ba da daɗewa ba ta yage, mai mota ya ce an sayar masa da jabu.

Bayan wannan sai a kai mota wurin masu alaimen su daidaita tayoyi. Wanda ke ganin wannan ɓarnar kuɗi ce, ga ɗan lissafi irin na aji shida. A ce tsayin taya santimita 60 ne, ta kuma karkace da milimita 3 kacal. Kashi ɗaya ke nan cikin 200. Watau a ko wace kilomita ɗaya, ana jan tayar nan a kaikaice har mita 5, tana kankaruwa a kwalta. In kana yin kilomita 60 kullum zuwa aiki da komowa, mita 300 ke nan a yini. Ga kuma wani: motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa guda. A kan titin Kubwa da safe, in ka taka birki kan mota ya kauce, wannan daƙiƙa gudar da za ka yi kana kokawa da sitiyari ta isa ta kai ka cikin layin wani.

Wani zai ce, ina ruwan mujallar malamai da ƙafar mota? Ruwanta biyu ne. Na farko, wanda ya san sunan cutarsa ba a sayar masa da maganin wata. Malamin da ya iya cewa a duba masa bushin, ya kuma sunkuya ya gani, ba zai sayi shokozoba biyu da tayoyi huɗu a kan laifin roba guda ba. Na biyu, dattijon nan bai taɓa shiga ajin koyon dabarun koyarwa ba, amma abin da a ke ta nanata mana a kwaleji shi ya yi mini: ya nuna, ya sa na taɓa, sa'an nan ya yi bayani. Haka na ga yana yi wa yaransa. Ku da za ku fita koyon aiki a makarantu bana, ku roƙi wani makaniki ya ba ku mataccen bushin guda, ai jefar da shi a ke yi. Ku kai aji ku bar yara su juya shi, su faɗi dalilin da ya sa aka sa roba tsakanin ƙarfe biyu, su kuma yi lissafin tayar nan a kan allo. Darasin kimiyya da na lissafi ke nan ba da ko kwabo ba.

Ku kuma abokan aikina masu tsofaffin motoci, shawarata ita ce duk ƙarshen damina a ɗaga mota a duba ƙafarta, a kuma riƙa shafa gefen cikin tayoyin gaba da hannu ko da sau ɗaya a wata. In kun ji ƙwas-ƙwas, kada ku ƙara muryar rediyo. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.