Sai Da Na Zagaya Ta Ƙonni Kafin Na Ga Goggo

Mutumin Gatawa ba ya ɗaukar Nijar a matsayin wata ƙasa mai nisa. Tun ina firamare nake jin 'yan kasuwarmu na cewa za su "tsallaka", su je da safe su dawo kafin magariba. Amma ni sai da na shiga aji biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sannan na taka ƙasar, kuma ba ta hanyar gida na bi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun Disambar 2021, da 'yan bindiga suka ƙona wata mota da fasinjojinta a kusa da Gidan Bawa, Baba ya hana mu bin hanyoyin daji. Goggona kuwa tana cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, shekara uku ban sa ta a ido ba. Da aka ba mu hutu a ƙarshen damina, sai na tashi daga Sakkwato na bi ta Illela, na shiga Birnin Ƙonni, don in kama babbar bas mai zuwa gabas.

A tashar Ƙonni na fara jin kunya. Na sha shayi, na tambayi kuɗi, mai shayin ya ce dala ashirin. Gabana ya faɗi, na zaci dalar Amurka yake nufi! Ashe a can sefa biyar ake kira dala, wato sefa 100 kacal ake bi na. Wani dattijo da muka haɗa kujera ya yi ta dariya, ya ce, "Yaro, a lakwal ɗinku ba a koya muku lissahi?" Lakwal ita ce makaranta.

Daga nan ban ƙara ɗauke ido daga taga ba. Bayan Tsarnawa da Malbaza, inda ake yin siminti, ƙasa ta koma ja, ga tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa, a ƙarƙashinsu kwari kore shar. Muka wuce Galmi, garin da albasarsa ta yi suna har a kasuwannin Sakkwato. Abin da ya fi tsaya mini a rai rumbuna ne: manya, na laka, masu tumbi kamar tulu, a jere a bakin kowane ƙauye. Gero ya nuna, mutane na ta yanka da ɗaurin dammuna. Na ga wata yarinya ita kaɗai da jakinta a tsakiyar gona, nesa da gari, ba ta ko waiwaye. A wajenmu yanzu wa zai bar 'yarsa haka? Ban ce Nijar ba ta da nata tashin hankalin ba, domin jandarmomi sun tsayar da mu sun duba katin shaida, kuma ƙauyukan bakin iyaka na kwana da fargaba irin tamu. Sai dai na manta rabon da in yi tafiyar awa uku ba tare da wani ya ce a yi shiru a karanta addu'a ba.

Bayan Madawa na sauka a Gidan Rumji, bas ta wuce Tsibiri da Maraɗi. Ku ɗalibai masu karatun tarihi, ku riƙe sunan Tsibiri: bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, can Gobirawa suka kafa sabon birninsu a 1836, kuma daga can ne wasu suka dawo suka kafa Sabon Birni. Shi ya sa tsagen da ke fuskar Goggo bai zama baƙo ga kowa ba a garin.

"Ɗana, ka iso lahiya?" Ta kama hannuna ta ƙi saki.

Da la'asar ta kai ni bakin Gulbin Maraɗi, inda suke ɗan noman haya. Ruwan nan yana gangarawa ne ya shiga Najeriya, ya haɗu da Rima a yankinmu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "An noma fadamarmu bana?"

Na ce an noma ta kusa da gari, ta nesa dai ciyawa ce. Ta gyaɗa kai, ta ce in ɗauko mata kwandon kuɓewa mu tafi gida.