Jirgin Romawa A Lakar De Meern

Yamma da birnin Utrecht, a ƙasar Holan, akwai wata unguwa ana ce da ita De Meern. Baƙon da ya sauka can gidaje sababbi zai gani, da masu kekuna, da ƙoramu ko'ina. Amma a tsakiyarsu akwai wata ganuwa mai kusurwa huɗu da ƙofofi, sunanta Castellum Hoge Woerd. A 2015 aka buɗe ta, bisa ainihin gurbin wani barikin sojan Rum da aka kafa wajen shekara ta 40 Miladiyya. A wancan zamani kogin Rayin ta nan yake bi, kuma shi ne iyakar daular Rum ta arewa.

In an ce iyaka, mai karatu zai ɗauka katanga ce ta tare abokan gaba. To, abin da ke cikin ɗakin tarihin wurin ya nuna wani abu dabam. Jirgin ruwa ne na katako, tsawonsa mita 25, faɗinsa bai kai mita 3 ba, gindinsa shimfiɗe kamar faranti don ya iya bin ruwa marar zurfi. A 1997 aka gano shi lokacin da ake shirin gina unguwar, aka tono shi a 2003. Masana sun ƙidaya da'irorin cikin katakon suka ce wajen shekara ta 148 aka sare itatuwan. Ya yi shekaru da dama yana aiki, sa'an nan ya nitse farat ɗaya. Mai jirgin ko kayansa bai kwashe ba: an sami kabad, da makullai, da alkaluman ƙarfe, da kayan kafinta har da abin fere katako. Laka ce ta rufe su, iska ba ta shiga ba, shi ya sa ba su ruɓe ba. A ganina kayan kafintan nan sun fi takubba da kwalkwali ban sha'awa, domin mutum ne mai neman abinci ya riƙe su.

Me irin waɗannan jirage ke ɗauka? Ƙasar nan fadama ce, babu dutse a cikinta, alkama kuma ba ta wadatar ba. Ga soja ɗaruruwa a kowane bariki, ga barikoki a jere har bakin teku. Dole a kawo dutsen gini daga tsaunukan Eifel na Jamus, a kawo hatsi daga kudu. A Woerden, gaba kaɗan, an tono jirgi a 1978 da ragowar alkama a cikinsa. A Zwammerdam kuwa shida aka samu tsakanin 1971 da 1974, babbansu mita 34. Keken shanu nawa zai ɗauki kayan jirgi guda irin wannan, a kan hanyar da damina ke mayarwa taɓo? Saboda haka barikokin da hasumiyoyin katako na tsaro bakin ruwa suke, suna gadin abin da ke wucewa. A gefen bariki kuma sai unguwa ta tashi, irin zango, ta masu sana'a da 'yan kasuwa da iyalan soja.

Sai dai Rayin ba ya zama wuri ɗaya. Yau ya ci gaɓa nan, gobe ya tara yashi can. Romawa sun sha wahalarsa. Hanyar da ke bin gaɓa sai da aka kafe ta da turaku, aka jera duwatsu a inda ruwa ke ci; katakon ya nuna an yi manyan gyare-gyare a 99 zuwa 100, aka sake a 124 zuwa 125, zamanin Sarki Hadiriyan.

Tun kafin haka, sarkin yaƙi Durusus ya gina madatsa a can gabas, inda kogin ya rabu biyu, don ruwa ya ƙaru a reshen arewa. A shekara ta 70, da Batabawa suka yi tawaye, shugabansu Sibilis ya fasa ta, ruwa ya karkata kudu. Wani sarkin yaƙin, Korbulo, ya sa sojansa haƙa hanyar ruwa wajen shekara ta 50, daga Rayin kusa da Leiden ta yau zuwa kogin Maas, kimanin kilomita 34. Marubucin tarihi Tasitus ya kawo dalili biyu: kada jirage su riƙa fita teku mai haɗari, kada kuma soja su zauna ba aikin yi. Garin kasuwa ya tashi a bakinta, Forum Hadriani, inda Voorburg take yanzu.

Wajen shekara ta 270 soja suka bar De Meern. A 1122 aka datse wannan reshe na kogin a Wijk bij Duurstede, ya koma ƙaramin rafi. A 2021 hukumar UNESCO ta sa barikokin wannan iyaka cikin kayan tarihi na duniya.