Tallar Man Gyaɗar Inna

Da hutun damina wani ɗalibin kimiyyar harshe ya koma gida Tasawa daga jami'ar Damagaram. Ya tarar mahaifiyarsa ta kwashi kuɗin adashi ta sayi gyaɗa buhu biyu, ta matse mai, ga kwalabe jere a ɗaka babu mai saye. Zubin adashin na ƙarshen wata, kuɗin rajistarsa na shekara ta uku kuma a cikin kwalaben nan yake. Sai ya ce shi zai rubuta mata talla.

Ya kwana yana gyaran jimla. Da safe ya manna takarda a ƙofar gida, ya kuma tura rubutun ta WhatsApp: “Ana sanar da ɗaukacin jama'a cewa akwai ingantaccen man gyaɗa mai daraja ta ɗaya a farashi mai rahusa, 1.500 F.” Kwana huɗu ba wanda ya yi sallama.

A rana ta biyar Inna ta ce ya karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: “Ɗan nan, da wa kake magana?”

Tambayar ta mai da shi aji. “Ana” lamiri ne da ba ya nuna mai yi. Harshen sanarwar hukuma ne, inda mai magana ke ɓoye fuskarsa. “Jama'a” kuwa taro ne, kuma taro ba ya kunce bakin zane ya biya kuɗi. Mai sayen mai mace ce, tukunyarta na kan murhu, tana son ta san abu uku: me ake sayarwa, nawa ne, a ina. Ya lura babu aikatau ko ɗaya a jimlar da ya nemi mai karatu ya motsa. Ga sifofi birjik, “ingantacce”, “mai daraja”, waɗanda kowane ɗan kasuwa ke liƙa wa hajarsa har sun daina ɗaukar ma'ana. Ko farashin ma ba da bakin kasuwa ya faɗe shi ba. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya faran biyar, jaka faran dubu. Wadda ta ga 1.500 sai ta tsaya ta fassara shi zuwa jaka da rabi.

Ya sake zama, wannan karon Inna na gefensa. Ya tuna ajin aikatau na shida a rabon da Parsons ya yi a 1960, mai ƙarewa da “-o”, wanda ke jawo aiki zuwa wajen mai magana: kawo, aiko, sayo. Ya so ya ƙara cewa man yana maganin hawan jini. Inna ta hana. Ta ce masu sayen maƙwabta ne, da su za ta haɗu a wajen suna da biki, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga abin da ya fito: “Uwar gida, man gyaɗa ne matsar wannan mako. Kwalba jaka da rabi. Zo ki shinshina, ki ɗanɗana kafin ki biya. In ba ki fita, aiko yaro da kwalbarki. Gidan da ke bayan famfon unguwa, daga hantsi zuwa la'asar.”

Yara suka fara zuwa da kwalabe. Ba a sayar da man duka ba kafin ƙarshen wata, amma an yi zubin adashi, rajista kuma ta jira mako biyu. Da ɗalibin ya koma Damagaram ya ajiye takardun biyu a cikin littafinsa na ginin jimla. Ta farko ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya. A gefenta ya rubuta tambayar Inna da jan biro.