Haƙorin Gaba Shi Ne Na Ƙarshe

Fata idan ta yanke takan haɗe, ƙashi idan ya karye maɗori ya ɗora shi ya kama. Farin rufin da ke kan haƙori kuwa, duk da babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, jini ba ya ratsa shi, don haka inda ya ɓantare ba ya sake tsirowa. Gyaran haƙora ya fi kama da gini a kan jinya, kuma mai gini ba ya farawa da fenti.

Wata lauya mai shekara 46 ta daɗe tana tauna da gefe ɗaya. Tana ganin jini a jikin asuwaki, tana danne zogin turmi da kanumfari, duk bai kai ta asibiti ba. Sai da haƙorinta na gaba ya ɓalle, bikin 'yarta saura mako bakwai, ga shi da baki take neman abinci a gaban alƙali. Hoton da aka ɗauka ya nuna dasashi a kumbure, turmi ɗaya kogonsa ya kai ga jijiya, wani kuma ya ruɓe har saiwa.

"Likita, na gaban nan kawai na zo a gyara mini."

"Hajiya, yau za a rufe shi na wucin gadi ki yi bikinki. Na dindindin shi za mu yi a ƙarshe."

Ta zaci jan rai ne irin na masu neman kuɗi. Amma jerin yana da dalili. Dasashin da ya kumbura yakan saɓe bayan an kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, kuma hular da aka auna a kan kumburi, bayan 'yan makonni sai gefenta ya fito fili. Dole a wanke, a jira. Daga nan a koma kan turmin da ke ciwo: a cire jijiyar da ta lalace, a wanke siraran hanyoyin da ke cikin saiwa, wani lokaci a bar magani a ciki na mako ɗaya ko biyu, sannan a cike, a sa masa hula, domin turmin da aka rarake yana saurin tsagewa.

A nan ne mutane da yawa kan ce a cire kawai a huta. Cirewa ta fi araha a ranar, amma giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Haƙoran da ke gefensa sukan karkato, wanda ke fuskantarsa ya zazzago, ƙashin muƙamuƙi ya soma motsewa tun a watannin farko. Idan turame suka daina aiki, nauyin tauna ya koma kan haƙoran gaba, waɗanda aikinsu yanka ne ba niƙa ba. Abin da ya ci na lauyar ke nan. Da an sa mata sabuwar hula a ranar, nauyin da ya karya na Allah shi zai karya na likita.

Turmin da ya ruɓe har saiwa bai cetu ba, a gurbinsa aka yi dashe. Wannan fasaha ta samo asali daga Per-Ingvar Brånemark, likita ɗan Suwidin, wanda a shekarun 1950 ya lura ƙashin zomo ya manne da ƙarfen titaniyam har ya ƙi rabuwa. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe. Ƙarfen yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ƙashi ya riƙe shi, kuma kuɗi ba sa rage wannan jira. Taba sigari da ciwon sukarin da ba a kula da shi suna iya ɓata aikin, shi ya sa aka gwada jininta tukuna. (Wataƙila haƙorin Makka, da alhazai ke dawowa da shi bayan 'yan makonni, shi ya sa ake ganin sa haƙori abu ne na sha yanzu magani yanzu. Wancan ado ne a kan lafiyayyen haƙori.)

Rarraba aikin yana sauƙaƙa wa aljihu, amma yana da tarko: da zarar zogi ya lafa, sai ƙafa ta ɗauke. Cikon wucin gadi na makonni ne, idan ya daɗe yakan yi yoyo, ƙwayoyin cuta su koma saiwar da aka sha wahalar wankewa. Ita ma sau biyu ta ɗage ranar komawa saboda zaman kotu.

Ta yi hotunan biki da haƙorin wucin gadi, babu wanda ya lura. A wata na takwas aka zo kan na gaba. Likita ya sa ta goge jan-baki, ya kai ta bakin taga, ya riƙa kara samfuran launi da haƙoranta a hasken rana. Ta nuna wanda ya fi fari, ya zaɓi wanda ya ɗan sirka da rawaya, irin na maƙwabtansa.