Sabuwar Zuciya a Tsohon Jiki

Na daɗe a tsaye a bakin gareji ina kallon sarƙa tana saukar da inji a hankali cikin tsohuwar Land Cruiser ɗin Baba. Ƙirar 1984 ce, ta sha yashin hanyar Agadas zuwa Dirku har fentinta ya koɗe. Injinta na asali, 2H, ya gaji. Wanda muka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa 1HZ ne mai silinda shida, irin wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990. Bai zauna daidai ba sai da bakanike ya gyara mazauninsa, kamar baƙon da ake shimfiɗa wa tabarma a ɗakin wani. Da aka tayar da ita, sai na ji muryar ta sauya, ta yi laushi. Amma sitiyarin yana nan da santsin da tafin Baba ya bari, kujerar ma ta lotsa daidai zamansa. Na tuna da shi yanzu, hankalinsa garau, ƙafafu ne suka ƙi. Da ana yi wa mutum haka, wanne za mu ajiye, wanne za mu sauya? Na ɗora hannuna inda nasa yake zama, na bar injin yana ta aiki.