Neman Jinsiyya: Shirin da Ake Yi Kafin a Je Ofis

Batun da muke so mu tattauna a wannan wata shi ne takardar zama ɗan ƙasa, wadda kowa ya fi sani da jinsiyya, da kuma lambar ƙasa, wato raƙam watani, wadda aka shigo da ita bayan dokar rajistar jama'a ta 2011. Mu malaman makarantun ƙauyukan Managil mun daɗe muna ganin illar rashin waɗannan takardu, domin a hannunmu matsalar takan fara bayyana. Yaro ya yi shekaru yana karatu, ya fi kowa a aji, lokacin rajistar jarrabawar Shahada Sudaniyya ya zo a nemi lambarsa, sai a tarar ba shi da ita, ubansa ba shi da ita, kakansa kuwa ya rasu bai taɓa shiga ofis ba. Daga nan sai a fara gudu ana neman a gama cikin mako biyu abin da aka bari shekara arba'in.

Da farko mu san inda ake zuwa. A ƙasar nan ba wata kotu ta daban da aka keɓe wa baƙi ko masu neman zama 'yan ƙasa. Aikin jinsiyya da lambar ƙasa da fasfo yana hannun 'yan sanda ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a ofishin da ake kira Sijil Madani. Kotu tana shigowa ne a wurare biyu: in ana bukatar a tabbatar da wani abu da rantsuwar shaidu, ko kuma in ofis ya ƙi mutum yana so ya ɗaukaka ƙara. Za mu zo kan kowanne.

To, me doka ta ce? Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba, kuma rashin saninsa ne yake sa mutum ya tsaya gaban jami'i kamar mai roƙon sadaka. Tun zamanin Turawa, a 1948, aka kafa ƙa'ida cewa ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar jinsiyya ta 1957 ta riƙe wannan rana. Ku duba lissafin. An yi yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso bakin Shuɗin Kogin Nilu da jama'arsa wajen 1906. An gama madatsar Sennar a 1925, aikin audugar Jazira ya buɗe, dubban mahajjata da ke kan hanyar Makka suka tsaya tsinkar auduga don su sami guzuri, da yawa suka zauna ke nan. Ashe ranar 1897 ta bar akasarin iyayenmu a waje, ko da a nan aka yanke musu cibiya. Daga baya an matso da ranar zuwa 1924. Sa'an nan dokar 1994 ta kawo ta 1 ga Janairu 1956, ranar da Sudan ta sami mulkin kai.

Ma'anar haka ita ce, wanda aka haifa kafin wannan doka, in a Sudan aka haife shi ko aka haifi ubansa, kuma shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 1 ga Janairu 1956, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda aka haifa bayanta kuwa yana bin ubansa. Sashen bai tambayi ƙabila ba, bai tambayi harshen da ake yi a cikin gida ba. A 2005 kuma aka ƙara cewa wanda uwarsa 'yar ƙasa ce ta haihuwa yana da hakkin jinsiyya in ya nema. Manyanmu da yawa har yanzu tsohuwar dokar ce a kansu, shi ya sa suke gudun ofis. Yana da kyau a karanta musu wannan a masallaci.

Akwai jinsiyya iri biyu, kuma wajibi ne mutum ya san wadda ya je nema tun kafin ya buɗe baki. Akwai ta haihuwa, bil-milad, akwai kuma ta neman shiga, bit-tajannus. Ta biyun an yi ta ne don baƙon da ya zo ya zauna shekarun da doka ta ƙayyade, hukuma tana iya ba shi tana iya hana shi, kuma hanyoyin ƙwace ta sun fi yawa. Mun san gidajen da aka ce musu ta biyun ta fi sauri, suka karɓa don su huta, alhali kakansu yana kwance a maƙabartar Mai Wurno tun kafin a haifi jami'in da ya ba su shawarar. Wanda ya cancanci ta haihuwa ya nemi ta haihuwa, ko da za ta ci masa wata shida. Wanda kuma ubansa ya riga ya karɓi ta tajannus kafin a haife shi, kada ya damu, shi doka ta ɗauke shi ɗan ƙasa ta haihuwa.

Ga wani abu da ya shafe mu mutanen Managil musamman. Faɗaɗa aikin noma zuwa wannan yanki an yi shi ne daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, wato bayan ranar da doka ta ambata. Ƙauyukanmu da yawa da kambo-kambon da ke gefen magudanan ruwa duk sun fi 1956 ƙuruciya. Saboda haka in jami'in bincike ya tambaya ina mahaifinka yake a 1956, amsar ba ta cikin ƙauyen da kake zaune yau. Tana Mai Wurno, ko Sennar, ko Singa, ko Hasahisa, ko Gadarif, duk inda tsoho ya taso kafin ya biyo ruwa ya zo nan. Can za a je a nemi hujja: umda ko shehin garin da ya san gidanku, tsohon rasit na haraji, takardar aure, katin hawasha in an taɓa mallaka, rajistar makaranta. Mutum ya yi wannan tafiya kafin ya je ofis, kuma ya yi ta da rani, don kowa ya san yadda baƙar ƙasar Jazira take riƙe mota da damina.

Yanzu batun suna, wanda a ganinmu ya fi kowane abu ɓata wa mutanenmu takardu. Ofis yana son suna huɗu a jere: naka, na uba, na kaka, na uban kaka. Haka kuma na mahaifiya. Mu kuwa Hausawa kowa yana da sunan yanka da sunan da ake kiransa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba, shi ne Habu. Usman shi ne Shehu. Abdullahi shi ne Audu, Muhammadu shi ne Mamman, Ibrahim shi ne Iro. Ga Ɗanladi da Ɗanjuma da Tanko da Bala, waɗanda ba su ne aka raɗa ranar suna ba amma su suka bi mutum har kabari. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin sunan miji, to in ita ta kai yaro makaranta, laƙabi za ta ba malam ya rubuta. Sakamakon haka sai ka ga 'ya'yan mutum ɗaya su uku, a rajistar makaranta ɗaya ɗan Garba ne, ɗaya ɗan Abubakar, na ukun ɗan Babikir, domin malamin da ya rubuta Balarabe ne ya mayar da sunan yadda kunnensa ya saba. Mu mun san uba ɗaya ne. Jami'in da bai san Hausa ba maza uku yake gani a takarda, kuma ba za a ce ya yi laifi ba in ya tsaya.

Maganin wannan a gida yake. Dangi su zauna, a sa dattijo a tsakiya, a tsayar da jerin sunaye huɗu na gidan, a rubuta da haruffan Larabci yadda yake a takardar wanda ya fara samun jinsiyya a cikin dangi, kowa ya kwafa harafi da harafi. In kuwa an riga an sami saɓani tsakanin takardu, nan ne ake zuwa kotu a yi abin da ake kira ishhad shar'i. Mutum ya je da shaidu biyu masu katin shaida, waɗanda suka san shi suka san ubansa, su yi rantsuwa gaban alƙali cewa Garba da Abubakar mutum ɗaya ne, a ba shi takarda mai hatimi. Aiki ne na yini ɗaya ko biyu in shaidu sun zo da takardunsu. A zaɓi shaidun da za su iya amsa tambaya da Larabci ba tare da ruɗewa ba, kuma a tabbata sun san jerin sunayen da kansu, kada a tsaya ana raɗa musu a bakin ƙofa.

Ranar zuwa Sijil Madani, abu mafi nauyi da mutum zai tafi da shi shi ne ɗan'uwansa na wajen uba wanda ya riga ya sami takarda, abin da suke kira asaba: uba, ko wa, ko baffa, ko ɗan baffa. Kawu ɗan'uwan uwa, duk da girmansa a wurinmu, ba ya tsayawa a wannan matsayi in ta wajen uba ake nema. Wannan ne ya sa mutum na farko a kowane gida ya fi shan wuya, shi zai bi ta hannun umda da dogon bincike, amma in ya samu ya buɗe wa na bayansa ƙofa. Don haka in dangi za su haɗa kuɗi, su fara da babban gida, wanda sunansa yake cikin jerin sunayen kowa. Sai takardar haihuwa, wanda ba shi da ita kuma ya nemi ta ƙiyasin shekaru, wato tasnin, daga hukumar likitoci. Sai takardar shaidar wurin zama daga kwamitin unguwa ko ofishin ƙaramar hukuma. Mutanen kambo sukan sha wahala a nan, domin kambo da yawa ba a rubuta su a matsayin ƙauyuka ba, sai an bi ta ƙauyen da ke kusa. A fara neman wannan da wuri. A yi kwafin kowace takarda, a riƙe ta asali a hannu, a nuna ta in an tambaya, kada a bar ta a kan tebur.

Ofisoshi suna aiki daga Lahadi zuwa Alhamis. A yi sammako, a ci abinci, a sa tufa mai tsabta. Duk kuɗin da za a biya a biya a tagar biya, a karɓi rasit na gwamnati. A bakin ofis ba a rasa 'yan kamasho masu cewa sun san wani a ciki. Takardar da ta fito ta hannunsu tana iya zama ta jabu, kuma ranar da aka gano, laifin yana kan mai sunan da ke jiki, har ya shafi 'ya'yan da suka yi rajista a kanta.

In an zo bincike, a faɗi gaskiya a taƙaice. Za a tambayi ƙabila. Mun san waɗanda tsoro ya sa suka ambaci wata ƙabila dabam, abin ya wuce a ranar, bayan shekaru ƙaninsu ya zo ya ce shi Bahaushe ne, fayil biyu suka ci karo, aka tsayar da duka. Ba mu ce tsoron ba shi da dalili ba. Muna tune da 2008, lokacin da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na wancan lokaci maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, jama'a suka fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas. Muna tune da rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, da gawarwakin Rusairis da Wad al-Mahi, wanda a ƙarƙashinsa tambayar ita ce wane ne mai ƙasa. Amma ɓoye asali bai tsare kowa ba a waɗannan ranaku, kuma a ofis ƙara dagula fayil yake yi. Wani jami'in zai yi maka tambayar da ba zai yi wa maƙwabcinka ba, zai sa ka dawo sau uku. A daure, a dawo, a rubuta ranar kowane zuwa da abin da aka ce a kawo.

In an ƙi mutum ƙiri-ƙiri, ya nemi a rubuta masa ƙin da dalilinsa. Da wannan takarda ake kai kuka ga shugaban ofis, in bai yi ba a je kotu a ƙalubalanci hukuncin. Dokar shari'ar gudanarwa ta 2005 ta ba da kwana 60 don shigar da irin wannan ƙara, saboda haka ba abin da za a ajiye sai bayan girbi ba ne, kuma a nan ana bukatar lauya. Ƙin baki, wanda ba a rubuta ba, alƙali ba shi da abin da zai duba a kansa.

Kada a manta da mata. Gidaje da yawa sukan yi wa maza takarda su bar 'yan mata, wai aure za su yi. Yarinyar nan ita ma za ta zauna jarrabawa, za ta so zuwa Hajji, kuma tun 2005 takardarta tana iya ceton 'ya'yanta in ta wajen uba ta gagara. Aure kuma a ɗaura shi a karɓi gasima daga hannun ma'azun, domin da ita ake yi wa jariri takardar haihuwa ba tare da wahala ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya ƙara wa wannan magana nauyi. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, har zuwa Janairu 2025 da soja suka karɓe ta, Managil ta cika da 'yan gudun hijira, kuma a kowane shingen hanya takarda ake fara tambaya. Mutane da yawa sun fito ba su ɗauki komai ba. Wanda ya riga ya sami raƙam watani, bayanansa suna cikin kwamfutar hukuma, in ya san lambarsa sai ya kai rahoton ɓata ga 'yan sanda ya nemi madadi. Saboda haka kowane mai gida ya rubuta lambobin iyalinsa duka a takarda biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, ya kuma ɗauki hoton kowace takarda a wayarsa. Wanda bai iya rubutun ba ya kawo wa malamin makarantar ƙauyensu bayan an tashi, za mu rubuta masa.